Gigin tsufa ko cuta? An ce mu tura jinin Baba waje a gwada ƙwaƙwalwarsa

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa rubutu ba, yau dai abin ya kai ni bango. Mahaifinmu shekarunsa 71, tsohon malamin firamare ne. Shi ke riƙe da littafin kuɗin masallacin unguwarmu shekara da shekaru, ba a taɓa neman kwabo an rasa ba. Kusan shekara biyu ke nan muka fara ganin canji. Da fari maimaita tambaya ne, "yaushe yayanku zai zo?" sau biyar kafin la'asar. Daga nan ya fara cusa kuɗi a ƙarƙashin darduma ko cikin aljihun tsohuwar riga, ya manta, ya ce an sace. Wadda yake zargi kuwa amaryarsa ce, matar da ta shekara 24 a gidan. Juma'ar da ta wuce ya fita masallaci, hanyar da ya yi shekara 30 yana bi, sai bayan magariba wani mai shayi ya rako shi daga can bakin titi, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

Yanzu gida ya rabu biyu. Gwaggonninmu sun ce jifa ne, kuma kowa ya san wadda suke nufi. Yayanmu da ke aiki a Ingila ya ce an fito da gwajin jini mai nuna cutar Alzaima, a ɗebi jinin Baba a tura waje, shi zai biya. Don Allah masu sani, gwajin nan gaskiya ne? Kuma tunda an ce cutar ba ta warkewa, mene ne amfanin mu sani?

Baban Sadiq:
Allah ya ba shi lafiya. Hajiya, gigin tsufa ne, kakanninmu sun yi, aka lallaɓa su har Allah ya karɓi abinsa. Kuɗin da za a kai wa Turawa ku saya masa nama da madara, ku sa yaro ya riƙa raka shi masallaci. Gwajin da zai gaya maka ciwo amma ba zai ba ka magani ba, ƙarin baƙin ciki ne kawai.

Anti Nas:
Baban Sadiq, ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Shekara tara ina aikin jinyar tsofaffi a Ingila, kafin nan na yi a gida. Tsufa yana sa sunan jika ya ɓace wa mutum, can anjima ya faɗo masa. Tsufa ba ya sa mutum ya tsaya tsakiyar alwala da buta a hannu bai san abin da ke biye ba, ba ya ɓatar da shi a layinsu. Akwai 'yan shekara 90 a ƙauyenmu da za su lissafa maka iyakar gonakin gari kaf. Kalmar nan ta gigin tsufa ita ce ke hana mu kai iyayenmu asibiti, don mun riga mun yanke cewa babu abin dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da wannan lalura, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu. Ba ciwon Turawa ba ne.

Hajiyar Fagge:
Ni dai ban ce jifa ba ne, amma kada boko ya sa mu ce babu. Mutum lafiyarsa ƙalau rana ɗaya ya juya wa matarsa baya, ai dole a yi tunani. A haɗa da ruƙiyya.

Likitan Jijiya:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri kan ɗawainiya. Daga nan ba zan iya cewa ga abin da ke damunsa ba, sai an gan shi ido da ido, amma bari in warware maganar gwajin.

Zargin satar nan shi ya fi tsaya mini, kuma Hajiyar Fagge ina so ki ji wannan. A 1901 aka kai wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, asibiti a Frankfurt ta ƙasar Jamus. Cikin abin da ya fara bayyana gare ta har da zargin mijinta ba gaira ba dalili, ga kuma mantuwa. Da ta rasu a 1906, likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, ya binciki ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga abu biyu: wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin. Na farkon furotin ne da ake kira amiloyid, na biyun kuma tawu. Sunan likitan cutar ta ci. Kun ga tuhumar na kusa tsohuwar alama ce a wannan ciwo. Mutum ya ajiye abu, ajiyar ba ta zauna a kansa ba, ya duba bai gani ba, wa ya rage ya tuhuma in ba mai shiga ɗakinsa ba?

Shekaru masu yawa ba a tabbatar da cutar sai bayan mutuwa. Abin da ya canza shi ne an gano sawunta a jikin mai rai. Kowa ya san irin wannan awo: tsinken gwajin ciki ba jariri yake gani ba, sinadarin da cikin ke saki yake kamawa. To hanya ta farko ruwan baya ne, irin wanda ake ɗiba idan ana zargin sanƙarau. A mai Alzaima, amiloyid nau'in 42 raguwa yake yi a ruwan domin ya maƙale a ƙwaƙwalwa bai sauko ba, tawu kuma ya ƙaru. Hanya ta biyu hoton PET, a yi wa mutum allurar wani sinadari da ke manne wa amiloyid har ya haska a hoto. Amurka ta amince da irinsa na farko a 2012, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka ko a can. Ta uku ita ce ta yayanku, wato jini, inda ake auna wani nau'in tawu mai suna p-tau217. A 2024 masu bincike na jami'ar Lund a Suwidin suka gwada shi kan mutum sama da 1,200 masu kukan mantuwa. Gwajin ya dace da gaskiya kusan kashi 90 cikin 100, alhali likitocin ƙananan asibitoci da ba su yi amfani da shi ba sun dace kashi 61, ƙwararru kuma 73. A watan Mayun 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na farko, na kamfanin Fujirebio, ga masu shekara 55 zuwa sama waɗanda alamomi suka riga suka bayyana gare su.

Gwajin gaskiya ne. Sai dai ba da shi ake farawa ba. Ki gaya mini, Baba yana da hawan jini ko suga? Wane magani yake sha? Ya taɓa faɗuwa ya bugi kai?

Maman Ilham:
Likita na gode ƙwarai. Yana da duka biyun. Na suga ya kai shekara 12 yana shan metformin. Na hawan jini kuwa sai ya ji kai na sara masa yake sha. Ya zame a banɗaki bara da damina, amma ya tashi da kansa, ba mu je asibiti ba.

Likitan Jijiya:
Kin ga amsarki ta buɗe ƙofa uku, kuma babu wadda ke buƙatar jirgin sama. Daɗewa ana shan metformin yana iya rage bitamin B12, ƙarancinsa kuma yana kawo mantuwa da jin ƙafa kamar ana taka auduga, kuma allura ke gyara shi. (Kada ku tsayar da maganin, aunawa za a yi.) Hawan jinin da ba a riƙe shi ba yana toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da ɓarin jiki ya shanye ba, wannan wani nau'in ruɗewa ne dabam da Alzaima, kuma muna ganin sa sosai a nan. Faɗuwa kuma, a tsoho jini na iya taruwa a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai, sai bayan makonni ya fara ruɗewa, hoton siti sikan ke nuna shi, tiyata ke cire shi. Za a kuma duba aikin ƙoda, da sinadarin maƙogwaron nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo, da wasu cututtukan jini. Duk ana yin waɗannan a asibitocin koyarwa namu, Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri. Sai an share wannan fili sannan a tambayi amiloyid da tawu.

Mai Awon Jini:
Ranka ya daɗe Likita, ka ba ni dama in ƙara ta ɓangarenmu na ɗakin gwaji, don akwai abin da yayansu ba zai hango daga Ingila ba.

Abin da ake nema a jinin nan ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Ba kamar awon suga ba ne da za a soki yatsa a karanta. Sai an ɗebi jini a kwalbar da ta dace, an juya shi a inji an ware ruwansa cikin lokaci, an daskarar, sannan ya yi tafiya a daskare har ya isa. Na taɓa aiki a wani wuri da aka ɗauke wuta daren Asabar, janareta bai tashi ba, Litinin muka tarar da samfurin mutane ya narke. Wanda bai ji tsoron Allah ba sai ya mayar ya daskarar ya tura, takarda ta dawo da lamba tsaf, ba wanda zai sani. Duk wanda zai karɓi jinin Baba ku tambaye shi yadda zai ajiye shi da yadda zai tura.

Sannan ƙoda. Idan ta yi rauni ba ta tace waɗannan furotin yadda ya kamata, sai su taru a jini, lamba ta hau ba don ƙwaƙwalwa ba. Mai suga da hawan jini na shekara 12, ba a karanta sakamakonsa sai da na ƙoda a gefe. Kuma sakamakon ba ko da yaushe yake fitowa e ko a'a ba, akwai na tsakiya, wanda dole a koma ruwan baya ko PET.

Abin da ya fi damuna shi ne ma'aunin kansa. Iyakar da aka ce daga nan cuta ce, mafi yawa da jinin Turawan Suwidin da Amurka aka tsayar da ita. Mudun wata kasuwa ne aka kawo tamu. Mai yiwuwa ya yi daidai, amma binciken da aka yi a kanmu kaɗan ne.

Wani abu kuma, akwai gwajin da ake kira NfL. Shi yana hawa ne duk lokacin da jijiyar ƙwaƙwalwa ke lalacewa, ko shanyewar ɓarin jiki ce, ko bugu a kai, ko ciwon nan na shanyewar tsoka da Stephen Hawking ya yi fama da shi. Yana cewa akwai ɓarna, ba ya cewa wa ya yi ta. Kada a ba ku shi a ce shi ne gwajin Alzaima.

Baban Sadiq:
To ai kun dawo kan maganata. A ce an yi duk wannan, jini bai narke ba, ƙoda lafiya, takarda ta ce Alzaima ce. Sai me? Ina jin ciwon abin ne don na gani. Mahaifiyata ta yi shekara huɗu a haka. Muka sayar da gona, hoto bayan hoto, a ƙarshe wani likita ya ce mu koma gida mu kula da ita. Abin da muke yi tun farko ke nan. Ba na so wata 'yar uwa ta bi hanyar da muka bi.

Likitan Jijiya:
Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa jinya ta zama kaffara. Baban Sadiq, ba zan ce maka ka yi kuskure duka ba. Magungunan da ke wanke amiloyid sun fito: lecanemab ya samu cikakkiyar amincewa a Amurka a Yulin 2023, donanemab a Yulin 2024. Na farkon ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin 100 a wata 18. Rage sauri, ba tsayarwa ba, balle mayar da abin da ya tafi. Ƙarin ruwa ne duk mako biyu, sai ana bin mutum da hoton MRI don yana iya kumbura ƙwaƙwalwa ko ya sa ta ɗigar jini, kuɗinsa lokacin da ya fito a 2023 dala 26,500 ne a shekara, kuma a farkon ciwo kawai yake aiki. Ko a Ingila hukumar da ke tantance magungunan asibitin gwamnati ta ce amfaninsa bai kai kuɗinsa ba. Idan don wannan magani za a tura jinin Baba, ni ma sai in ce a bar kuɗin.

Inda muka rabu shi ne cewa sani ba ya da amfani. Ciwon ruɗewa ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ake kira na Lewy, mai shi yana ganin mutane ko yara a ɗaki da ba su nan, yau garau gobe a ruɗe. Idan aka ba shi haloperidol, irin wanda ake ba mai taɓin hankali don ya kwanta, yana iya sanƙarewa, har rai ya salwanta. Akwai na gaban ƙwaƙwalwa, wanda ba mantuwa ke fara zuwa ba, kunya ce ke fita, dattijo ya fara abin da bai taɓa yi ba. Maganin donepezil na ɗan taimaka wa mai Alzaima da mai Lewy, amma ba ya yi wa mai na gaban ƙwaƙwalwa amfani. Sanin wanne ne shi ke hana mu cutar da mutum da hannunmu. Sau da yawa kuma zama da iyali awa guda ana tambaya, da gwajin tunani, da hoto ɗaya, sun isa.

Maman Ilham:
Akwai abin da ban faɗa ba don nauyinsa. Wata biyu da suka wuce, da ya rasa dubu ashirin ɗinsa, ya ce wa Anti amarya ya sake ta. Ta kwana tana kuka, ta haɗa kaya. Da safe ya fito yana kiran ta ta kawo masa koko, bai san an yi ba. Kuɗin kuma a cikin hularsa muka gan su. Tun ranar gwaggonni ke cewa zaman haram take yi, ta fita. Ita ce kuwa mai yi masa wanka, ita kaɗai yake yarda ta ba shi abinci.

Malam Tudun Wada:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yata, wannan magana ta fi gwajin jini gaggawa. Allah da kansa ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, cewa cikinmu akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga wannan. Ayar ba ta ce sai an yi wa mutum jifa ba. Sihiri gaskiya ne akwai shi, addu'a kuma ba a barin ta, ku yi masa ruƙiyya da kanku safe da yamma. Amma nuna wata baiwar Allah da yatsa ba hujja zalunci ne, kuma za a tsaya a kansa gobe ƙiyama.

Batun saki, malamai sun tafi a kan cewa sakin wanda hankalinsa ya gushe ba ya aukuwa, an ɗauke masa alƙalami. Sai dai ba a zaure ake yanke wannan ba. Ku je wa alƙali ko malamin da ya san gidan, a binciki halin da yake ciki lokacin da ya furta. A nan takardar likita za ta yi muku aikin da bakin mutum goma ba zai yi ba. Baban Sadiq, kana tambaya sai me, ga ɗaya. Ga na biyu kuma: yanzu da yake samun lokutan da yake garau, a zauna da shi a rubuta bashin da ake bin sa da wanda yake bi, da ajiyar mutane da ke hannunsa, da wasiyyarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yar Zango:
Malam Allah ya ƙara ilimi. Daga Kumasi nake. A arewacin ƙasarmu akwai sansani irin na Gambaga inda matan da aka kira mayu ke fakewa, yawanci tsofaffi. Ban ce duka ciwon nan ke damun su ba, amma tsohuwar da ta fito tsakar dare tana yawo, aka tambaye ta ta amsa abin da ba ta sani ba, me kuke zaton jama'a za su kira ta? A gidanku an juya abin ne kan mai jinya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, Maman Ilham ki tsaya wa matar nan.

Autan Hajiya:
Likita ni shekaruna 34, kakata da yayarta duk sun yi wannan ciwon. Zan iya yin gwajin yanzu in san matsayina?

Likitan Jijiya:
Ƙanena, kada ka yi. Amiloyid yana fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin mantuwa, kuma tsofaffi da yawa suna ɗauke da shi har su mutu da hankalinsu cif. An yi gwajin ne don wanda alama ta bayyana gare shi. Kai zai ba ka fargaba ne kawai.

Batun gado kuma, ga abin da aka gano a ƙasar nan. Tun 1992 likitocin Ibadan, cikinsu har da marigayi Farfesa Osuntokun da Farfesa Ogunniyi, suka haɗa kai da na Indianapolis suna kwatanta tsofaffin Yarbawa da baƙaƙen fatar Amurka. Aka samu ruɗewar a wajen kashi 2 cikin 100 a Ibadan, wajen kashi 8 a can. Ƙwayar gadon da ake kira APOE4, wadda ke ƙara haɗari sosai ga Turawa, tasirinta ya fito da rauni a Yarbawa. Ka ga gado ba shi kaɗai ke magana ba. A Ibadan ɗin ne ma aka tsara gwajin tsinken ashana huɗu, a jera wani fasali mutum ya kwaikwaya, saboda tsohon da bai taɓa riƙe biro ba idan ka ce ya zana agogo zai faɗi ba don ciwo ba.

Abin da ke hannunka: kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da ya ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na wannan lalura. Hawan jini na ciki, da suga, da taba, da raunin ji da na gani da aka ƙi gyarawa, da bugu a kai. Ka auna jininka, ka sa hular kwano in za ka hau babur.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum. Lokotoro, ni kawuna ba mantuwa gare shi ba, hannun dama ne ke karkarwa in yana zaune, in ya ɗauki moɗa sai ya lafa. Tafiyarsa ta koma ɗan taku-taku, fuska ba walwala. Shi ma jini ake aunawa?

Likitan Jijiya:
Wannan ya yi kama da Fakinsan, ciwon da Muhammad Ali ya yi fama da shi tun 1984, wanda duniya ta ga hannunsa na rawa lokacin da ya kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Wani likitan Landan, James Parkinson, ya siffanta shi a 1817. Ƙwayoyin da ke yin sinadarin dofamin ne ke mutuwa a can cikin ƙwaƙwalwa, kuma kafin hannu ya fara rawa an riga an yi asarar da yawa daga cikinsu. Ka tambayi iyalinsa ko ya daɗe ba ya jin ƙamshi, ko bayan gida na yi masa wuya, ko yana naushi da ihu cikin barci. Waɗannan kan riga karkarwa da shekaru.

Nasa sawun wani furotin ne, alfa-sinuklin, da ke lanƙwashewa ba daidai ba. Yadda ake kama shi kamar yadda ake kwantar da nono ne: a ɗiga ɗan tsami a madara, a rufe, gobe duka ta kama. Ana zuba ruwan bayan mutum cikin lafiyayyen furotin, idan akwai lanƙwasasshe sai ya ja sauran su dunƙule har inji ya gani. A 2023 aka gwada shi kan mutum sama da 1,100, ya kama kusan kashi 88 cikin 100 na masu ciwon. A shekarar ne kuma aka gano wani canji a ƙwayar gado ta GBA1 da ke ƙara haɗarin ciwon ga 'yan asalin Afirka, yawancin waɗanda aka bincika 'yan Najeriya ne, Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas na cikin jagororin aikin.

Amma kawunka ba ya buƙatar jiran wannan. Har yau da ido da hannu likita ke gane Fakinsan, kuma maganin levodopa na aiki sosai, mutumin da ba ya iya ɓalle maɓallin riga ya koma yana yi da kansa. Ku tafi da duk magungunan da yake sha, don wasu na amai da na taɓin hankali suna kawo irin wannan karkarwar.

Baban Sadiq:
Maganar Malam ta shige ni, ban yi tunanin saki da ajiyar mutane ba. Mu ma sai bayan rasuwar Hajiya wata mata ta zo neman sarƙar da ta ba ta ajiya, har yau ba mu san inda take ba. Na yarda a je asibiti. Amma tura jini waje, ina nan kan bakana. Yayan nan ya turo kuɗin a ɗauki mai taya amarya aiki, ta samu ta runtsa.

Anti Nas:
A wannan kam muna tare. Mai jinya ita ma majinyaciya ce da ba a duba ta. Maman Ilham, kafin ku ga likita: ku ɗinka lambar waya a cikin aljihun duk rigunansa, ku gaya wa liman da masu shagon layi halin da ake ciki, ɓoyewa ce ke ɓatar da su. In ya ce an sace kuɗi kada a yi musu da shi, a ce "bari mu duba tare, Baba". Ku lura da la'asar zuwa magariba, lokacin ruɗewa ke tashi, a kunna fitila da wuri. Kuma a bar shi ya riƙa karatun da ya haddace tun yana yaro, shi ke daɗewa bai tafi ba.

Maman Ilham:
Jama'a na dawo bayan kwana tara. Mun je, ni da Anti amarya da ƙaramin kawunmu, na matsa sai da babbar gwaggo ta bi mu. B12 ɗinsa ya yi ƙasa sosai, an fara allura. Hoton bai nuna taruwar jini ba, amma likita ya nuna mana alamun ƙananan jijiyoyi da suka toshe, ya ce hawan jini ne. Ƙodar ma ta ɗan taɓu. Ya ce ba zai cire Alzaima ba, sau da yawa biyun kan haɗu, amma a gyara waɗannan a dawo bayan wata uku a sake gwajin tunani, lokacin ne za a ga ko gwajin jinin zai ƙara wani abu. Yaya bai ji daɗi ba da farko, yanzu ya yarda, ya turo kuɗin mai aiki.

Da likita ya ce Baba ya maimaita kalmomi uku bayan minti biyar, bai kawo ko ɗaya ba, sai ya juya ya kalli Anti amarya ya ce "ke tuna mini mana". Gwaggo ba ta ce komai ba har muka iso gida. Ba ta janye maganarta ba, amma jiya ta aiko da fura ta ce a ba su su biyu. Takardar likita tana hannun kawu, ranar Litinin za su je wurin alƙali.

Likitan Jijiya:
Alhamdu lillahi. Maganin hawan jinin kullum ne yanzu, ba sai kai ya sara ba, kuma a hannun mutum ɗaya zai zauna don kada ya sha sau biyu. Ki sayi ɗan littafi Anti amarya ta riƙa faɗa kina rubutawa: ranar da ya ɓata, daren da bai yi barci ba, awon jininsa na safe. Ku tafi da shi ranar komawa.